Wule Ba Ta Dawo Ba

Monica ce ta fara lura cewa Daudu mai tsire ya daina biyowa ta wajen teburin karta. Da ya sauke tsire daga wuta, sai ya naɗe shi a takarda, ya ratsa tsakar kulob bai dubi kowa ba, ya kai bakin ƙofa ya ajiye a kan bencin maigadi. Da ta tambaye shi dalili sai ya ce, "Madam, ai can zai ƙare. Me zai sa in yi tafiya biyu?"

A shekarar da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi ne, lokacin da kowane akawu a Kazaure ya sayi babur da rediyo da agogon da ba ya dubawa. Da abin da ya rage suka haɗu suka gina Kulob ɗin Gindin Dutse: ɗaki ɗaya mai rufin kwano, da rumfa, da firij mai aiki da kananzir, duk a ƙarƙashin wata tsohuwar bishiyar mangwaro. Monica ke sayar da lemon kwalba a ciki. Shugaban kulob shi ne Malam Halliru, malamin gona, mai tumbi da doguwar hula wadda ba wanda ya taɓa ganin ya cire sai wajen alwala. Mataimakinsa Mista Manasseh akawu ne, kuma shi ne masanin karta, domin ya taɓa kwana biyu a Legas, har ya leƙa ɗakin caca na wani otal ya tsaya a bakin ƙofa kamar minti ashirin. Daga waɗannan mintunan ya samo ilimin da yake koyarwa har shekara uku.

Shi ya kawo wasan ashirin da ɗaya. A ba ka karta biyu, ka ce a ƙaro ko ka ce ya isa. Wanda ya fi kusa da ashirin da ɗaya ya ci, wanda ya zarce ya ƙone.

Malam Halliru ya yanke hukunci tun ranar farko cewa wannan ba caca ba ce, tunda kuɗi ba ya hawa tebur. Kowa zai sayi tsinke goma a wajen Daudu, tsiren ya zauna a bakin wuta, Monica ta ba shi murfin kwalba goma a madadinsu. Da murafun ake wasa daga la'asar zuwa magariba. In an tashi, mai murfi shi ke da nama.

"Nama kuwa abinci ne," in ji Malam Halliru. "Wa ya taɓa jin an hana abinci?"

Maigadin kulob ɗin Hamma ne, wani dogon Bafillace daga wajen Roni, mai farin gemu ɗan tsirit. Da yana da garke. Farin da aka yi shekara biyu kafin nan ya kwashe shi kaf, ɗaya bayan ɗaya, tsakanin Gwiwa da kan iyaka. Ya shigo gari da sandarsa da butarsa, aka ba shi gadin ƙofar da ba mai niyyar sata. Yakan wuni a kan benci yana kallon duwatsu, ba ya magana sai an gaishe shi.

Wata rana mutum ɗaya bai zo ba, kujera ta zama babu kowa, Manasseh ya kira Hamma don raha, ya ba shi murfi biyu. Tun daga ranar Hamma bai sake rasa murfi ba. Monica ta lura da wani abu kuma: mutumin da ke wuni kamar an jingine shi, da an yi kiran la'asar sai ya wanke fuska, ya gyara rawani, ya zo ya tsaya bayan kujerar tun kafin a shimfiɗa tebur. A duk yinin, wannan ce sa'ar da yake jira.

Abin haushin shi ne, Hamma ba ya ma haɗa lissafi. Zai dubi kartar hannunsa, ya dubi tarin da ya rage, ya ce "Ƙaro," ko ya ce "Ya isa." Sannan ya baje su a gaban Manasseh.

"Mista, duba mini. Sun kai?"

Manasseh ya lissafa da yatsa, murya na raguwa. "Goma, sha bakwai... ashirin da ɗaya."

"To, madalla," in ji Hamma, ya jawo murafu.

"Ni nake lissafa masa yadda ya cinye ni," Manasseh ya gaya wa Monica. "Ko a Legas ba a yi wa mutum haka."

Kuma Hamma ba ya cin naman shanu tun bayan fari. Murfi biyu yake warewa ya sa a aljihu, na iri, sauran tsiren ya rabar a bakin ƙofa. Kafin wata guda, da yamma ta yi sai ka ga leburorin titi da direbobin motar Babura da mata masu dawowa daga niƙa sun yi layi a jikin katanga. In Malam Halliru ya fito zai hau babur da yunwarsa, sai su ɗaga masa hannu.

"Allah ya saka da alheri, Yallaɓai! Na yau ya ɗan yi yaji, amma mun gode!"

Wannan godiyar ce ta sa aka kafa kwamitin bincike.

Da farko aka ce asiri ne. Aka sa Hamma ya cire layun damtsensa da zobensa da takalmansa, aka zuba a kwanon wanke kofi na Monica, aka kife da faranti, aka ɗora dutse. Ya zauna ƙafa ba takalmi ya cinye tsinke talatin da takwas. Washegari aka canja masa kujera, aka ce wadda yake zama tana fuskantar gabas. Ya fuskanci yamma ya cinye arba'in.

Sai Manasseh ya tuna wani abu. "A Legas akwai mutum a cikin silin. Yana kwance yana kallon hannun kowa ta wani rami. Ido a sama ake ce masa."

"Mu ba mu da silin," in ji Malam Halliru.

"Muna da mangwaro."

Aka fito da tebur waje. Manasseh ya ari madubin hangen nesa a wajen masu awon titi, ya naɗe ƙafar wando, ya hau reshen da ke saitin kan Hamma tun kafin la'asar. Aka ce wa Hamma Mista ya tafi Kano. Hamma ya zauna, ya ɗaga kai ya ce, "Sannu da hanya, Mista," ya ci gaba da wasa. Da ya buɗe karta sai ya ɗaga ta sama don a lissafa masa, Manasseh kuwa saboda sabo ya amsa daga cikin ganye, "Ashirin." Bai kai rabin sa'a ba cinnaku suka gano shi. Ya sauko da sauri fiye da yadda ya hau, wando a hannu ɗaya, madubi a ɗayan, masu layin tsire suna tafi.

"Me ka gani?" in ji Malam Halliru.

"Yana kallon kartar."

"Sai me?"

"Yana motsa baki."

Monica ta san wannan tun tuni, don ita ke zagayawa da lemo. Duk kartar da ta faɗo kan tebur, Hamma yakan faɗi wani abu ƙasa-ƙasa, kamar mai gaishe da wanda ya shigo gida. Ba wanda ya tambaye ta.

Kwamiti ya yanke cewa laifin tsohuwar kartar ce, ta tsufa, maiƙon tsire ya yi mata tabo. Aka aika Kano aka sayo sabuwa mai shuɗin baya irin na da. Tsohuwar aka jefa wa Monica a akwatin murafu.

Ranar da aka buɗe sabuwar, Hamma ya ƙone sau shida. Ya riƙa juya kartar a hannu yana dubanta kamar baƙuwar da aka kawo masa riƙo. Ran nan ma'aikata suka ci tsire har Malam Halliru ya sassauta tazuge. Rana ta biyu ma haka. Masu layi suka koma gida hannu rabbana. Rana ta uku Hamma ya zo da fara'a, ya ce, "Mun saba," ya kwashe duka har da murfin da Manasseh ya ɓoye a safa.

Manasseh ya haɗa kwalin karta biyu wuri ɗaya. Ya haɗa huɗu, har tarin ya fi ƙarfin hannunsa yana zubewa. Hamma ya dubi tarin, idonsa ya yi haske.

"Kai, masha Allah," ya ce. "An samu ƙaruwa."

A daren nan Manasseh bai yi barci ba, in ji shi, kuma da safe ya zo da amsa. Aka kira taron gaggawa bayan la'asar, aka zaunar da Hamma a tsakiya, 'yan kwamiti biyar suka jeru a gabansa.

"Hamma," in ji Manasseh, "mun gano ka. Ƙirga karta kake yi."

Hamma ya miƙe tsaye har kujerar ta faɗi. Ba wanda ya taɓa ganin ransa ya ɓaci sai ranar.

"Subhanallahi! Mista, me na yi maka? Ni in ƙirga? Ubana bai ƙirga ba, kakana bai ƙirga ba. Wanda ya ƙirga dukiya ai ya kira mata asara. Sau ɗaya mai jangali ya tsaya ya ƙirga mini shanu da bakin alƙalami, ka ga inda nake zaune yau."

"To, in ba ka ƙirgawa, ya kake sanin wadda za ta fito?"

"Ranka ya daɗe," Hamma ya juya wajen Malam Halliru, "in ka koma gida da yamma, ƙirga 'ya'yanka kake yi?"

"A'a."

"Amma in ɗaya bai dawo ba ka sani."

"Uwarsu ta sani," in ji Malam Halliru.

"To, haka ne. Ni ina zaune a bakin garke, suna shigowa ɗaya-ɗaya. In maruƙa sun shigo da yawa, na san manyan bijimai suna baya, in na ce a ƙaro za su tattake ni. Sai in ce ya isa. In bijimai sun riga sun shigo, saura ƙanana a daji, sai in buɗe ƙofa. Ina laifi a nan?"

Wani ɗan kwamiti, malamin makaranta, ya fara rubutawa a bayan takardar tsire, Manasseh ya harare shi ya daina.

"Za mu gwada," in ji Manasseh. "Monica, kawo tsohuwar kartar."

Ta kawo. Ya zaro ɗaya ya nuna wa Hamma bayanta kawai.

"Ole ce," in ji Hamma, muryarsa ta yi laushi. "Dubi kunnenta a tsage. Ja ce, ɗigo tara. Ba ta son a taɓa mata ɗa."

Manasseh ya juya ta. Ja ce, ɗigo tara. Ya zaro wata.

"Saye. Mai tabo a cinya. Ita ce ta fara kwantawa a hanyar Gwiwa."

Ya zaro wata.

"Wannan Baleri ne, mai rawanin nan. Girman kai ne da shi, amma tsoron kare yake ji."

'Yan kwamiti suka fara dariya, suna cewa a zaro wata, a zaro wata. Monica kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta tsaya da buɗe-kwalba a hannu, domin ta gane sunayen shanunsa ne yake faɗa ƙasa-ƙasa duk watannin nan, ta kuma san inda masu sunan suke.

"To, gwaji na ƙarshe," in ji Manasseh. "Zan ɓoye ɗaya, ka gaya mana wadda babu." Ya baje su duka a kan tebur yana shirin zaɓa.

Hamma ya bi su da ido sau ɗaya. "Wule ba ta dawo ba."

"Ban ɓoye ba tukuna."

"Duk da haka ba ta nan."

"Wace ce Wule?"

"Mai ɗigo ɗaya, baƙa. Wadda kuka ce in mai ita ya so ta zama ɗaya, in ya so ta zama sha ɗaya. Ita ce uwar garke."

Manasseh ya lalube tarin sau biyu. Babu ita. "To, ta ɓata."

"Ba ta ɓata ba," in ji Hamma, ya sunkuyar da kai. "Tana inda ta saba hutawa."

"Ina?"

"Mista, bar maganar nan."

"Kwamiti na tambayarka! Ina?"

Hamma ya dubi ƙasa, ya dubi rufi, ya dubi sandarsa. Da aka matsa masa, sai ya turo leɓe kaɗan, kamar mai nuna hanya daga nesa. Leɓen ya nuna doguwar hular Malam Halliru.

"Tun damina take can," ya ce a hankali. "Ranar Talata da Alhamis takan leƙo, in Yallaɓai ya sosa kai. Ko da aka kawo baƙin nan na Kano, tana shiga cikinsu ta fita. Ni ban ce komai ba. Saniya ai tana da inda take so."

Ido goma suka koma kan hular. Malam Halliru ya dafe ta da hannu biyu kamar iska ta taso.

"Hular shugaba," ya ce, "ba a cire ta a zaman kwamiti. Wannan doka ce."

"Tun yaushe?" in ji malamin makaranta.

"Tun yanzu. Sakatare, rubuta."

Manasseh ya buɗe baki zai yi magana, Hamma ya ce, "Ita ma Daneye da Mista ke zama a kanta in ana wasa, in zai ɗan riƙa ɗagawa tana shan iska..."

"Mu koma kan abin da ya tara mu!" in ji Manasseh da ƙarfi.

Daga nan taron ya yi sauri. Malamin makaranta ya ce shi dai bai ga dokar da Hamma ya karya ba. Manasseh ya ce a Legas ba sai ka karya doka ba. In ka iya wasan, wasu ƙarti biyu ne za su zo su riƙe ka a hammata su raka ka waje da ladabi, su ɗauki hotonka su manna a bango. Aka tambaya ko akwai mai kyamara. Babu. Aka ce Monica ta zana shi, ta ce ba ta iya ba.

A ƙarshe aka rubuta doka a bayan kwalin lemo, aka rataye a jikin mangwaro: BA A YARDA WANDA YA SAN KARTA YA YI KARTA BA.

"Wannan ba za ta shafe mu ba?" wani ya tambaya.

"Ko kaɗan," in ji malamin makaranta.

Malam Halliru ya gyara murya ya yi wa Hamma bayani cikin daɗin baki. Aikinsa na gadi yana nan, ba wanda zai taɓa. Sai dai daga yau ba zai zauna a tebur ba, ba zai tsaya kusa ba, kuma in ana wasa zai juya benci ya fuskanci titi, don kada ya taimaki wani da ido.

"Ko kallo, ranka ya daɗe?"

"Ko kallo. Ka san ba don ƙiyayya ba ne."

Hamma ya ɗaga kujerar da ya kayar, ya mayar da ita wurinta, ya share ta da gefen riga. Ya zaro murfi biyun nan na iri daga aljihu ya ajiye a gaban Manasseh. Sannan ya koma bakin ƙofa ya juya benci.

Aka raba karta. Ba a daɗe ba aka fara jin ihun Manasseh yana cewa ya ci, da muryar Malam Halliru yana cewa a sake lissafi. Masu layin tsire suka leƙo suka ga bayan Hamma ya juya wa tebur, suka tambaye shi ko lafiya. Ya ɗaga musu hannu kawai. Ɗaya bayan ɗaya suka watse.

Monica ta tattara tsohuwar kartar daga gefen tebur, inda aka ture ta. Ba wanda ya kula. Ta ɗaure ta da zaren buhu, ta ɗauki kwandon kwalabe kamar za ta kai waje, ta ajiye ƙullin kusa da butar Hamma ta wuce. Da ta dawo ta ga ya kwance zaren, yana bin su ɗaya-ɗaya da babban yatsa, bakinsa na motsi. Da ya kai ƙarshe sai ya tsaya, ya riƙe su a cinya, ya zauna kamar mai jiran wani.

Aka kira magariba. Malam Halliru ya miƙe yana ɗaure murafu bakwai a gefen riga, ya ɗauki buta ya tsuguna a bakin rumfa. Ya wanke hannu, ya wanke fuska. Da ya zo shafar kai, ya cire hular ya ɗora a kan kujera a bayansa, kamar kullum.

Hamma ya taso ba sauri. Ya sa yatsa biyu cikin kalmasar hular ya zaro Wule, ta ɗan lanƙwashe, ta jiƙe da gumi. Ya miƙar da ita a tafin hannunsa, ya sa ta a saman sauran. Ya gyara wa hular zama yadda ya same ta, ya ajiye makullin ƙofar kulob a gefenta.

Daudu ya taho da tsire a takarda, ya nufi bencin maigadi saboda sabo, ya tarar babu kowa. Ya tsaya yana waige-waige. Can kan hanyar Roni, Monica ta hango dogon mutum ya saɓa sanda a kafaɗa, hannu ɗaya a kan sandar, ɗayan a kan aljihun ƙirji, yana tafiya a hankali kamar wanda ba ya son ya gajiyar da na baya.